Idan karen ɗebe kewa ya ji wa majinyaci ciwo, wa zai biya?

 Waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau zan ɗauke ku mu leƙa Amurka da Ingila, kuma na san da na faɗi maudu'in wasunku za su kwashe da dariya. A waɗannan ƙasashe akwai mutanen da ke ɗaukar karensu, ko kyanwarsu, ko zomonsu, su kai shi asibiti ko gidan kula da tsofaffi ko makaranta, don marasa lafiya su shafa shi su ji sanyi a ransu. Ba a biyansu ko sisi, aikin sa kai ne zalla. To amma kafin a bar mutum ya taka ƙofar asibitin da dabbarsa, akwai takardar da ake fara tambayarsa. Ba takardar shaidar kirki ba, takardar inshora. A kan wannan takarda nake so mu tattauna yau: me take rufewa, me ba ta rufewa, kuma me ya sa wanda ya zo yin alheri kyauta sai ya nuna wanda zai biya in an samu tsautsayi.

Bari mu fara da asalin abin, don kada wani ya ɗauka sabon yayi ne na masu kuɗin da suka rasa abin yi. A 1796 aka buɗe wani gidan kula da masu taɓin hankali a birnin York na Ingila, wanda wani mutum mai suna William Tuke ya jagoranci kafawa. A farfajiyar gidan an ajiye ƙananan dabbobi irin su zomaye da kaji, majinyata suna mu'amala da su. Wani masanin halayyar yara a New York, Boris Levinson, ya lura cewa yaron da ya ƙi yi masa magana yakan saki jiki in karensa mai suna Jingles yana ɗakin. Ya rubuta wannan a 1962, abokan aikinsa da yawa suka mayar da shi abin dariya. Daga baya abin ya zama ƙungiyoyi. Wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa Therapy Dogs International a jihar New Jersey a 1976. A 1977 aka kafa ƙungiyar da ta shahara da sunan Delta Society, wadda tun 2012 ake kira Pet Partners. A Birtaniya, Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a 1983. A 1990 kuma aka kafa wadda yanzu ake kira Alliance of Therapy Dogs a garin Cheyenne na jihar Wyoming.

Kuma ba kare kaɗai ba ne. Pet Partners tana yi wa nau'in dabbobi 9 rajista: karnuka, kyanwoyi, dawaki da jakuna, zomaye, ɓeran Masar, ɓeraye na gida, tsuntsaye, ƙananan aladu, sai lama da alfaka, waɗannan 'yan'uwan raƙumi na Kudancin Amurka. Ku hango ƙaramin doki yana shiga ɗakin tsofaffi. Ana yi, ba almara ba ce.

Akwai wani bambanci da ya kamata ku riƙe tun yanzu, don a kansa maganar inshorar ta tsaya. Karen da ke yi wa makaho jagora daban, karen ɗebe kewa daban. Na farkon, dokar kare haƙƙin naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta ba mai shi damar shiga da shi kanti, gidan abinci, asibiti, kusan duk inda jama'a ke shiga. Na biyun ba shi da wannan haƙƙi ko kaɗan. Baƙo ne, sai an gayyace shi. Tunda kuwa gayyata ce, mai gida ke gindaya sharaɗi. Sharaɗin da kusan kowane asibiti da makaranta ke fara kafawa shi ne: kawo shaidar cewa in dabbar nan ta yi ɓarna akwai mai biya.

Wani zai ce, wace irin ɓarna kuma? Ai an zaɓi mai ladabi, an gwada shi. Haka ne. Amma mu duba inda ake kai shi. A ce wata tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya tana tafe da sandar dogarawa a barandar gidan tsofaffi. Kare bai cije ta ba, bai ko yi haushi ba. Igiyarsa ce kawai ta harɗe mata ƙafa, ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Ga tsoho, karayar ƙugu ba ƙaramin abu ba ne, wasu daga nan ba su ƙara tashi. Ko a ce dattijon da ke shan maganin tsinka jini, fatarsa ta yi laushi kamar takarda, kare ya ɗora masa ƙafa don wasa, farce ya yage shi. Ko yaro ya ja wutsiyar kyanwa ta juyo ta yakushe shi a ido. Ko dabba ta fizge robar ƙarin ruwa, ko ta ture wata na'ura mai tsada ta fashe. Duk waɗannan babu mugunta a ciki. Tsautsayi ne, shi kuwa ba ya sallama.

Akwai ma wanda ido ba ya gani. A 2018 masu bincike a Johns Hopkins sun bi diddigin ziyarar karnuka ga yara masu cutar daji, suka gano cewa ƙwayar cutar nan mai taurin kai ga magani da ake kira MRSA tana iya hawa gashin kare daga wannan yaro zuwa wancan. Sun kuma ga cewa yi wa karen wanka da sabulun kashe ƙwayoyin cuta, da goge shi tsakanin majinyaci da majinyaci, yana rage haɗarin ƙwarai. Tun kafin nan, a 2015, ƙungiyar masana hana yaɗuwar cuta a asibitocin Amurka ta ba da shawarar cewa a asibiti karnuka kawai za a bari, waɗanda suka kai shekara ɗaya, a bar kyanwoyi a gida, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya taɓa dabba da bayan ya taɓa.

To, an samu rauni. Wa doka ke kamawa? A nan ne abin ya yi tsanani. A fiye da rabin jihohin Amurka, in karenka ya ciji mutum a inda yake da haƙƙin zama, alhaki na wuyanka kai tsaye. Ba ruwan kotu da cewa bai taɓa cizo ba, ba ruwanta da cewa ka yi iya ƙoƙarinka. Jihar Kalifoniya na cikin masu irin wannan doka. Wasu jihohin kuma suna bin tsohuwar ƙa'idar da ke cewa sai an nuna ka san, ko ya kamata ka san, cewa dabbar na da haɗari. A Ingila da Wales akwai dokar dabbobi ta 1971, wadda ita ma a wasu yanayi take ɗora wa mai riƙe da dabba alhaki ko bai yi sakaci ba. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Mirvahedy da Henley, wadda kotun ƙoli ta wancan lokaci ta yanke a 2003. Wasu dawaki ne suka firgita da dare, suka karya shinge suka fita titi, ɗaya ya yi karo da mota, direban ya ji mummunan rauni. Ba a samu masu dawakin da sakaci ba, shingensu lafiya lau yake. Duk da haka aka ce su biya.

Wannan tunani ai ba baƙo ba ne a wurinmu. In shanunka suka shiga gonar wani suka cinye masa dawa, ba a tambayar ko kai mutumin kirki ne, ana kiran masu ƙiyasi ne su duba ɓarna. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin bayani a kan lamunin abin da dabba ta lalata alhali wani na kanta, ko yana janta, ko yana korarta. Bambancin kawai shi ne yawan kuɗin. Cibiyar da ke tattara bayanan inshora a Amurka ta ce a 2023 kamfanoni sun biya sama da dala biliyan 1 a kan raunukan da karnuka suka jawo, a ƙorafe-ƙorafe kusan 19,000. In ka raba, kowane ɗaya ya haura dala 58,000. Ku buga wannan a naira ku gani. Yanzu ku hango wata malamar makaranta da ta yi ritaya, tana rayuwa da ɗan fanshonta, ranar Talata takan kai karenta gidan tsofaffi don ta faranta musu. Rana ɗaya tak za ta iya cinye duk abin da ta tara a rayuwa.

Na san abin da wani zai ce: ai wanda ka je dubawa ba zai kai ka kotu ba, da kunya. Sau da yawa gaskiya ne. Amma a Amurka ba shi kaɗai ke da ta cewa ba. Kamfanin inshorar lafiyar da ya biya masa kuɗin asibiti yana da damar bin wanda ya jawo raunin ya karɓi kuɗinsa. Tsohuwar na iya yafe miki har zuciya, kamfanin kuwa bai san kunya ba. Ga kuma 'ya'yanta da ke wani gari, waɗanda ba su taɓa ganin murmushin da karen ke sa ta yi ba, takardar kuɗin asibiti kawai suka gani.

To ina doka ta bar ɗan sa kai? Akwai dokar kare 'yan sa kai ta tarayya da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1997. Ta ce wanda ke yi wa ƙungiyar da ba ta neman riba aiki kyauta, ba za a kama shi da kuskure na yau da kullum ba, muddin yana cikin iyakar aikin da aka sa shi. Amma tana da ƙofofi. Ba ta kare wanda ya yi ganganci ko mummunan sakaci. Ba ta shafi ɓarnar da aka yi da mota ba. Ba ta kare ita ƙungiyar kanta. Mafi muhimmanci, ba ta hana a kai ka ƙara. Hujja ce da za ka gabatar bayan an riga an maka ka a kotu, kuma lauyan da zai gabatar maka da ita ba kyauta yake aiki ba. Mutum na iya cin shari'a ya fito da bashi a wuya.

Nan ne inshorar ɗaukar alhaki ta shigo. Bari in kwatanta da abin da kuka sani. Duk mai mota a Najeriya ya san takardar nan ta inshorar mutum na uku, wadda tun Janairun 2023 kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, take kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. In ka daki motar wani, tasa za a gyara. Taka kuwa, kai da makanikenka. To haka wannan take. Mutum na farko kai ne, na biyu kamfanin inshora, na uku shi ne wanda dabbarka ta ji wa ciwo ko ta lalata wa kaya. Shi ake biya. Manyan ƙungiyoyin nan da na lissafa suna sayen inshora guda ɗaya babba da ke rufe duk 'ya'yansu masu rajista, kai kuma ka biya ɗan kuɗin rajista. Abin da take iya biya yakan kai miliyoyin daloli. Ga yawancin 'yan sa kai, wannan ne babban dalilin shiga ƙungiya, ba ɗan ƙyallen da ake ɗaura wa kare a wuya ba.

Aiki biyu take yi. Na farko ta biya diyya in an tabbatar alhakin naka ne. Na biyu, wanda mutane ke mantawa, ta ɗauko lauya ta biya shi, ko da ƙarar ta ƙarya ce. A jikin takardar kuma za ka ga lamba biyu. Ɗaya ita ce iyakar abin da za a biya a kan hatsari guda. Ɗayar ita ce iyakar abin da za a biya gaba ɗaya a shekara. Ku lura da ta biyun nan, don in inshorar ta ƙungiya ce, tukunya ɗaya ce kowa ke ɗiba. Asibitin da za ka je zai nemi takardar shaida mai ɗauke da waɗannan lambobi da ranar ƙarewa, wani lokaci ma ya nemi a rubuta sunansa a ciki don shi ma ta rufe shi.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne sosai, wato abin da ba ta rufewa.

Na ɗaya, ba taka ba ce. In kai ne ka zame a barandar asibiti ka karye, ko karenka ya juyo ya cije ka, inshorar ɗaukar alhaki ba ta san da kai ba. In karen ne ya haɗiye ƙwayar maganin da ta faɗo ƙasa, kuɗin likitan dabbobi daga aljihunka zai fito. Wasu ƙungiyoyin suna ƙara ɗan tanadi na daban don raunin ɗan sa kai, amma wannan wata takarda ce, sai ka tambaya.

Na biyu, sai kana kan aikin sa kai. In ka fito daga asibiti ka biya ta wurin shaƙatawa, karen ya ture wani yaro, ba ruwan ƙungiya. A nan sai dai inshorar gidanka, wadda a Amurka yawanci take biyan tsakanin dala 100,000 zuwa 300,000, abin da ya haura kuma naka ne. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar wasu jinsunan karnuka sam.

Na uku, da zarar kuɗi ya shigo, zance ya canza. Malamar makaranta da ta kai karenta ajin da ake biyanta albashi, ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ke zama da majinyata tare da karensa a ofis, waɗannan a wurin aiki suke, ba sa kai ba. Inshorar 'yan sa kai yawanci ba ta bin su can. Sai sun sayi tasu ta sana'a, ko wurin aikinsu ya saya musu. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami, suna ganin ai kare ɗaya ne, rajista ɗaya ce.

Na huɗu, rajistar ta mutum da dabba ce tare, ku biyu aka gwada. In yau ba ki da lafiya kika ce wa ƙanwarki ta kai karen a madadinki, ita ba ta cikin lissafi. In kuma rajista ta ƙare jiya kika je ziyara yau, da ke da wanda bai taɓa rajista ba duk ɗaya ne.

Na biyar, kuma shi ne ƙashin bayan maganata yau: inshorar tana tafiya ne da ƙa'ida. Ka saki ƙa'ida, kana iya sakin inshorar. Ku ji irin ƙa'idojin. A Pet Partners kare sai ya cika shekara ɗaya, ya kuma yi aƙalla wata 6 a hannun mai shi. Ana sake gwada mutum da dabbarsa duk bayan shekara 2. A yi wa dabba wanka cikin awa 24 kafin ziyara. Ziyara ba ta wuce awa 2 a rana. Ba a karɓar dabbar da ake ciyarwa da ɗanyen nama, saboda ƙwayoyin cutar da take iya ɗaukowa. Igiya kuwa ba ta barin hannunka. Alliance of Therapy Dogs ta ce igiyar kada ta wuce ƙafa 4, ana binciken tarihin mutum kafin a karɓe shi, kuma bayan gwaji sai an raka shi ziyara sau 3 ana lura da shi.

A ce wani dattijo ya roƙe ka, ɗana, ba ni igiyar nan in ɗan zaga da shi, na tuna da nawa karen. Zuciyarka ta karye, ka miƙa masa. Karen ya hango wani abu ya fizga, dattijo ya kifa. Tambayar farko da za a yi maka ita ce: igiyar na hannun wa? Daga amsarka za a san ko kamfani zai tsaya maka, ko kai kaɗai za ka tsaya gaban alƙali. Tausayi ne ya sa ka, ba shakka. Amma dattijon ya karye.

Ni a ganina, wannan ne amfanin inshorar na gaskiya, fiye ma da kuɗin. Kamfani ba ya son biya, don haka yana son ganin tsari kafin ya yarda ya tsaya wa ƙungiya. Ƙungiya ba ta son a ƙara mata kuɗi ko a janye mata, don haka take matsa wa 'ya'yanta. Wanda ya ci riba a ƙarshe shi ne majinyacin da bai ma san da takardar ba: karen da ya zo gadonsa an yi masa rigakafin ciwon hauka, an yi masa wanka, an yanke masa farce, an gwada haƙurinsa da ƙarar keken guragu da hayaniya. Ita ma dabbar ta tsira. Dokar awa 2 ɗin nan don ita aka yi, domin kare ma yana gajiya, kuma gajiyayyen kare shi ke cizo. Ana koya wa 'yan sa kai su gane alamun: yawan hamma, lasar baki, kau da kai, sa wutsiya a tsakanin ƙafafu. Da ka ga haka, ka yi sallama ka tafi gida, ko da saura ɗaki goma.

Amma kada in nuna muku abin ba shi da aibu. Masu suka suna da hujjarsu. Kuɗin rajista, da na gwaji, da na likitan dabbobi, suna korar masu ƙaramin ƙarfi, sai aikin ya koma na waɗanda suke da hali. Babu kuma wata hukumar gwamnatin tarayya a Amurka da ke ba da lasisin dabbar ɗebe kewa, kowace ƙungiya da nata ma'auni. Wannan ya buɗe ƙofa ga 'yan damfara a intanet, masu sayar da takardar shaida da riga mai tambari ba tare da sun ga dabbar ba. Takarda ce mai kyan gani, babu gwaji a bayanta, sau da yawa babu inshora. Wasu wuraren kuma tsoron shari'a ya sa sun rufe ƙofa gaba ɗaya, tsofaffin da ke jiran ranar ziyara suka rasa. Kuma kuɗi ba ya mayar da idon yaro. Inshora tana biyan diyya ne, ba ta ɗinke abin da ya yage.

To mu me ya shafe mu? Abu biyu. Na farko, 'yan'uwanmu da yawa yanzu suna Birtaniya da Amurka da Kanada, wasu karatu, wasu aikin kula da tsofaffi da jinya. In kana cikinsu, wata rana za ka ga an shigo da kare wurin aikinka, wataƙila ma kai za a ce ka raka mai shi. Ka san cewa akwai abin da ake dubawa: rajista tana nan da ranta? Takardar inshora fa? An tambayi majinyaci kafin a shiga ɗakinsa? Wannan na ƙarshen ba alfarma ba ce, ƙa'ida ce. Wanda jikinsa ba ya jituwa da gashin dabba, ko yake tsoro, ko addininsa da al'adarsa ba su ba shi damar kare ya hau masa shimfiɗa ba, yana da ikon cewa a'a, kuma a'arsa ta wadatar. In iyayenka ne ke kwance a can, ka faɗa a rubuta a fayil ɗinsu. In kuma an samu ko da ƙwarzane ne a gabanka, ka kai rahoto nan take. Ɓoye ƙaramin rauni don kada a ji kunya shi ke zama babbar magana daga baya.

Na biyu, mu ma muna aikin sa kai, kuma muna yi sosai. Ƙungiyoyin matasa na kai ziyara gidan marayu, ana kwasar yara a bas a kai su gidan zoo, ana shirya duba marasa lafiya kyauta a unguwa, ana kawo doki wurin biki yara su hau. Dabbobin ɗebe kewa a asibiti ba al'adarmu ba ce, amma tambayar da ke ƙarƙashin abin tamu ce: in wani ya ji ciwo a hannunmu, wa zai ɗauki nauyi? Mun saba cewa ƙaddara ce, a yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, sai dai sau da yawa wanda aka ce ya yi haƙurin shi ne talakan da aka bari da kuɗin asibiti. Wanda yake da damuwa da inshorar da aka saba, akwai takaful, tsarin taimakekeniya da hukumar inshora ta Najeriya ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yinsa. Wanda bai kai nan ba, aƙalla ƙungiya ta zauna ta rubuta: wa ke riƙe da me, me aka hana, in an samu matsala wa za a kira, kuma daga wace asusu za a biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka, duk wanda zai shiga irin wannan aiki, a can ko a nan, ga tambayoyin da zan so ya yi kafin ya sa hannu. Inshorar nan wa take rufewa, ni, ko ƙungiya, ko mu duka? Nawa ne iyakarta a hatsari guda, nawa a shekara? Kuɗin lauya na ciki? Daga wane lokaci take farawa, daga fitowata gida ko sai na shiga harabar wurin? Me zan yi da zai sa ta ƙi biya? In wani abu ya faru, wa zan sanar, cikin wane lokaci? Kuma kada ka yarda da amsar baki, ka ce a nuna maka a rubuce. Mai ƙungiyar gaskiya ba zai ji haushi ba.

A nan za mu dakata a yau. Ku faɗa mana, a ƙungiyoyinku na sa kai an taɓa zama an yi wannan magana kuwa? In an taɓa samun tsautsayi, yaya aka ƙare, wa ya biya? Ku ba mu labari ba tare da kama sunan kowa ba, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Ku tura wa wani ɗan'uwa da ke aikin jinya a waje, wataƙila ya amfana.